Abin da Yaya Sale ya ƙi bari a ji

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka kai yayana Salisu makwancinsa a Sabon Birni, can ƙasar Gwarzo. Yaya Sale muke ce masa. Tela ne, kuma shi ne ladanin masallacin unguwarmu har shekara goma sha ɗaya, kafin a karɓe ladancin daga hannunsa a gaban idona, ina zaune kamar an ɗinke mini baki. Duk shekara in wannan wata ya kama sai in ce zan rubuta abin da ya faru, sai in fasa. Bana dai na ɗauki biro, kuma wallahi har yanzu ban tabbata daidai nake yi ba.

Duk wanda ya yi wayo a lokacin ya san yadda gari yake. Shari'a ta dawo da zafinta, kowa na sa wa kowa ido. Kiɗa ya yi ƙaranci a bukukuwa, masu shagon kaset sun tura na waƙa ƙarƙashin tebur sun jera na wa'azi a sama. Ga tsadar rayuwa, ga rashin wuta. Rikodar Yaya manyan batura shida take ci, kuma ba ta kwana huɗu da su. Sai da ta kai yana shanya su a rana don ya tatsi ɗan abin da ya rage.

Ni na kawo masa fitinar, in ma fitina ce. Ina koyarwa a Kabo a lokacin. Na shiga Kano na ga 'yar na'urar sauraron nan da ake kira empitiri, ba ta fi ɗan yatsa ba, ƙaramin batir ɗaya take ci, ga iyafis mai igiya da ake cusawa a kunne. Na saya masa. Ya jujjuya ta a hannu ya ce, "To ita ina bakinta?" Na ce ai ba ta da baki, kai kaɗai take yi wa magana. Sai ya tashi ya buɗe akwatinsa ya ɗauko wani kaset da na daɗe da sanin yana nan.

Muryar Innarmu ce a ciki. Inna matar malami ce, shekara arba'in a gidan aure ba namijin waje da ya taɓa jin ta ɗaga murya. Amma in ta durƙusa gaban dutsen niƙa waƙa take yi, irin ta mutanen garinsu Kara, tana ambaton iyayenta, tana kiran shanun kakanta ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Wata rana Yaya ya ɓoye rikoda bayan randa ya ɗauke ta. Da ta gane, ranta ya yi mummunan ɓaci. Ba ta fasa kaset ɗin ba, sai dai ta sa ya yi mata alkawari: ban da 'ya'yan cikinta, ba namijin da zai ji, ko ma ya san ta taɓa buɗe baki da waƙa. Bayan rasuwarta sai ya kulle ɗaki yake saurare a hankali. Zaren kaset ɗin ya fara nannaɗewa, kullum yana warware shi da biro yana tsoron kada ya tsinke. Ni da kaina na zuba masa a na'urar da kwamfutar makarantarmu, bayan an tashi, ƙofa a rufe.

Abin da ban lissafa ba shi ne, a garinmu ba a sauraro a ɓoye. Mai rediyo a kan tabarmar majalisa yake ajiye ta, kowa ya sa baki. Mutane sun san abin da kake ji kamar yadda suka san abin da ka shuka a gonarka. Kwatsam sai ga ladan da igiya ta fito daga ƙarƙashin hula ta shige aljihun gaba. Ba a yi sati biyu ba aka fara ƙus-ƙus.

Wata rana bayan azahar yana kan keken ɗinki a ƙofar shago, Liman Malam Garba, aminin mahaifinmu, ya tsaya a kansa ya yi sallama. Shiru. Ya sake, shiru. Yaya kansa a ƙasa, yana gyaɗa shi a hankali. Ga mutane cike da rumfa suna kallo. A ta uku Liman ya ƙwanƙwasa keken da sandarsa. Yaya ya zabura ya fizge igiyar ya durƙusa yana ba da haƙuri, amma kowa ya riga ya ga gyaɗa kan nan.

Aka kira zama a zauren Liman bayan la'asar. Ina gida ranar, na bi shi. Liman ya ce, "Salisu, ba sallamata ce ta dame ni ba. Bakin da yake kiranmu salla, muna so mu san me kunnensa yake ci. Miƙo abin nan in ji da kaina. In karatu ne ko wa'azi, magana ta ƙare a nan."

Yaya ya ce, "Allah gafarta Malam, na yi kuskure, a yafe mini. Amma wannan ba zan iya miƙawa ba."

"Waƙa ce?"

Yaya bai iya ƙarya ba. Ya sunkuyar da kai. Zauren ya ɗauki salati. Na buɗe baki zan yi magana, Yaya ya kama gwiwata ya matse, matsewar da sai da na kwana biyu ina jin ta. Liman ya dube shi ya ce, "To, daga yau ka huta." Muryarsa tana rawa ya faɗa, wannan dai ba zan zalunce shi ba.

A hanyar gida na dinga yi masa faɗa, ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba. Na ce haba Yaya, kalma ɗaya! Ka ce Inna ce, wa zai ƙara magana? Ya ce, "Ita da ta ce kada a sani? In kuma kai ka faɗa, ni na faɗa." Ya shige gida ya bar ni a tsaye ina huci.

Shekara huɗu ya yi a duniya bayan wannan. Bai taɓa rasa jam'i ba, amma a sahun baya yake tsayawa. In sabon ladan yana kiran salla, sai ka ga leɓen Yaya yana motsi. Wasu suka ɗauke ɗinkinsu suka kai wani wuri, samari suka laƙaba masa suna, ladan mai iyafis. Ni kuwa na yi shekara ina gaida Liman a tsaye, Allah ya yafe mini. Yanzu da na manyanta na gane shi ma an sa shi a tsakiya ne. Abin da ban gama yafewa ba shi ne shiruna.

Yau in na zauna a tashar Gwarzo sai in yi ta kallo. Mai kabu-kabu da iyafis, mai shayi da iyafis, wani ma ba igiya, ka yi ta zuba gaisuwa kana magana da iska, ba wanda ya ɗauka cin mutunci ne. Ladanin unguwarmu na yanzu ma yana da nasa, ba mai tambayarsa me yake ji. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ina jin toshe kunnen ba zai dame shi ba, shi ya riga kowa. Abin da zai tayar masa da hankali shi ne yadda yanzu ake ɗaukar muryar tsohuwa ba ta sani ba, a danna waya, kafin magariba ta zaga duniya ana dariya.

Abin da ya sa na fasa yin shiru, watan jiya babban ɗansa Abdullahi, wanda yanzu magidanci ne, ya same ni ya ce, "Baffa, don Allah gaya mini gaskiya. Da gaske waƙoƙin banza Babanmu yake ji aka cire shi?" Ashe da wannan yaran suka tashi. Na ji kamar in nutse. Na zaunar da shi na gaya masa komai, ga shi kuma na gaya muku. Yaya bai bar gona mai yawa ba, bai bar gidan siminti ba. Ya bar mana dai sanin cewa an yi mutumin da ya yarda a yi masa mummunan zato har ya mutu, a kan ya ci amanar uwarsa. Ni ban kai shi ba, na karya rabin alkawarin don in wanke sunansa, in laifi ne yana wuyana.

Muryar tana nan a wurina cikin memori. Da na gama ba Abdullahi labari, ya share hawaye ya ce, "To Baffa, sa mini in ji ta ko sau ɗaya, ai kakata ce." Na dube shi, kamanninsa sak na ubansa, zuciyata ta karye. Amma ɗaya rabin alkawarin, na kada a ji ta, da ladancinsa Yaya ya biya shi, ba nawa ba ne da zan bayar. Na ce masa a'a.