Ranar da zaƙami ya raka mu zance

Muna zaune kan tabarma a ƙofar gidan su Hauwa a Yelwa, sai aminina Sagir, wanda na rako zance, ya dafe ƙirji ya gabatar da jawabi mai cike da tarihi.

"Ranki ya daɗe, tun da kika fito zuciyata ke sukuwa. Ta tsaya, ta sake zabura. Wannan ita ce ƙauna ta haƙiƙa."

Hauwa ɗalibar aikin jinya ce. Ta ƙura wa idanunsa ido, ta ce, "Malam Sagir, me ka sha?"

"Shayi ne kawai, da 'ya'yan zaƙami kaɗan. An ce suna cire kunya."

"To kunya ta fita, rai na shirin bin bayanta. Kai abokinsa, tare mana keke napep!"

A asibiti likita ya tabbatar da cewa gubar ta hargitsa bugun zuciyarsa, saura ƙiris mu rasa shi. Alhamdulillahi ya farfaɗo, kuma tambayarsa ta farko ga al'umma ita ce, "Ta amince?"

Ta amince, bisa sharaɗin ya riƙa zuwa da kunyarsa cikakkiya.

Ya ku ma'abota sharhi, da me kuka yaƙi kunyar zancenku na farko? Ku bayyana, amma ban da zaƙami.