Kiran da na yi a kan benen bakin teku

Shekarun baya, lokacin gwiwoyina ba su fara yi mini gardama ba, na yi aikin gini a wani bene da ke garin ƙasa, ɓangaren gindin tudu, nan Bahiya ta ƙetaren teku inda aka kawo mu bauta. Kun dai san yadda wurin yake: teku a gaba, dutse a baya, fili ɗan siriri a tsakani. Tunda babu wurin faɗaɗawa, sai 'yan kasuwa suka koma yin sama. Wannan ya yi hawa huɗu, maƙwabcinsa ya ji haushi ya yi biyar. Namu shida aka nufa, na dutse da farar ƙasa da man kifi na haɗa kwaɓi daga ƙauyen Itapuwa. Ƙasa rumbun sukari da taba, tsakiya mai gida da iyalinsa, can ƙarƙashin rufi inda zafi ke dafa mutum kuma na bayi.

Ni ɗan magina ne tun daga Zazzau, kafin a kamo ni, kafin kuma in fanshi kaina. A gidanmu ba a hawa katanga sai an yi shela, don matan maƙwabta su kimtsa. To bayan benen nan akwai wani tsakar gida na mata masu wanki. Da ginin ya wuce katangarsu, kullum da safe sai in tsaya a kan tsani in buɗe murya: "Za a hau bisa! Matan gida a kimtsa!" Da Hausa fa, a garin da masu jin ta sun kusa ƙarewa. Abokina, wani Bayarabe mai kwaɓa mana ƙasa, har riƙe ciki yake don dariya, wai ina yi wa tsuntsayen teku wa'azi.

Shugaban aikinmu Bature bai ga abin dariya ba. Ya kira ni gefe ya ce tun tawayen Musulmi na shekarun can, 'yan sanda ba sa son jin baƙin mutum yana ɗaga murya da yaren da ba su sani ba, balle daga saman bene. In na ƙara, ya sallame ni. Na kuwa san wanda aka kora da irin wannan zargi, ko bulo ba mai sake ba shi ya ɗauka a garin nan.

Sai na yi gum. Ina hawa kamar ɓarawo, kaina a sunkuye don kada idona ya faɗa gidan mutane. Magini kuwa da sunkuyayyen kai, ai kun san sauran. Na ja wani layi a karkace, sai da aka rushe shi. Kunya ta ishe ni, ga baƙin ciki.

Ana haka, wata rana da hantsi sai ga wata tsohuwa ta shigo wurin aikin, hannuwanta duk sabulu ya cinye su. Ta tambayi abokina wane ne mai kira, ya nuno ni. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da Hausa garau:

"Ɗan nan, lafiya ka yi shiru?"

Wallahi cokalin ginin da ke hannuna sai da ya faɗi. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, hana ni aka yi."

Ta ce ita mutuniyar Katsina ce, tun tana budurwa aka kawo ta, kuma rabonta da jin Hausa tun rasuwar mijinta. Ranar da ta fara jin kirana, zama ta yi a bakin ƙwaryar wanki ta sha kuka. Kullum takan so ta amsa, muryar ta ƙi fita.

Daga nan ta juya kan Baturen da yarensu na Fotugis, ba ko tsoro. Ta ce su mata ne, suna aiki da ɗaurin ƙirji, kuma rigunan manyan garin nan a hannunsu suke, har da nasa. In maza za su riƙa leƙa su ba sallama, kowa ya zo ya kwashi dattinsa. Ya sosa ƙeya, ya ce to in yi kiran da Fotugis. Ta ce a yi da Fotugis saboda 'yan sanda, sannan a maimaita da Hausa saboda ita. Haka aka yi har muka ɗora rufi, kuma kullum sai na ji daga ƙasa an ce, "Mun ji, a hau lafiya."

Da ƙarfinta ya ƙare na ɗauko ta zuwa ɗakina a unguwar Barokinya. Matata ta yi jinyarta, 'ya'yana suka koyi Hausa a bakinta fiye da yadda suka koya a nawa. A hannunmu ta cika.

Yanzu an yi benayen da suka fi namu, har da hasumiyar da ke ɗaga mutane daga garin ƙasa zuwa tudu ba tare da sun taka dutse ba. Ba na jin kishi ko kaɗan. In na bi ta titin, nakan ji baƙi suna ƙirga tagogin benenmu suna yaba tsawonsa, in yi murmushi in wuce. An raba ni da mahaifiyata ban ko yi mata sallama ba, sai ga shi Allah ya ba ni wata a bayan katangar masu wanki, har na samu na kai ta makwancinta da hannuna.