Malam Isiyaku, Direban da Ba Ya Zagaye Tolget

Da hantsi labarin ya same ni, ina shagona na ɗinki a Hayin Banki, cikin Kaduna, na ɗora almakashi a kan wata shadda ke nan. Lambar Baba ce ta fito a waya, amma muryar ba tasa ba ce. Mai maganar ya ce shi ne shugaban direbobin tashar da Baba ke sauka a Lafia. Ya ce Malam Isiyaku ya yi sallar asuba tare da su, ya sha shayi, ya zauna a kan benci yana jiran a gama loda masa doya, sai ya jingina da bango. Da aka zo gaya masa an gama lodi, aka tarar rai ya yi halinsa. Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma, na sake maimaitawa.

Mutumin ya bari na natsu, sannan ya gaya mini abin da na riga na sani. Direban doguwar hanya, inda ya faɗi nan ake rufe shi, Baba da kansa ya sha faɗa mana haka, kuma zafin Lafia ba ya bari a ajiye gawa. Ya ce limaminsu ya yarda a jira ni zuwa la'asar, ba za a wuce haka ba. Na shiga gida wajen Inna, mahaifiyata, na tarar labarin ya riga ni. Ba ta yi kururuwa ba. Ta dube ni ta ce, "Kabiru, tashi ka tafi. Kada a sa shi a ƙasa babu hannun ɗansa." Ni ne babba, ƙannena maza kuwa ɗaya yana Legas, ɗaya yana Maiduguri. In ban isa ba, babu wanda zai isa.

Ga wanda bai san shi ba, mahaifina direban bas ne tun kafin a haife ni. 'Yan kasuwa yake ɗauka daga wani ɗan layi a bakin Kawo, su sauka kudu da albasa da wake, su dawo da doya da lemu da manja. Ba mai yawan magana ba ne a gida. Idan ya dawo daga tafiya, kafin ya ci abinci sai ya zagaya motar ya taɓa tayoyinta ɗaya bayan ɗaya, har Inna takan tsokane shi da cewa motar ce ake fara gaisarwa a gidan nan. Bai taɓa tashi daga tasha ba sai ya tambayi fasinja ko akwai mai lalurar da za ta sa a tsaya. Kuma ban taɓa jin wani ya zo ƙofar gidanmu yana cewa buhunsa ya ɓata a hannun Malam Isiyaku ba. Ina faɗin wannan da alfahari, kuma ba na jin kunyar alfaharin.

Amma abin da 'yan tasha suka fi saninsa da shi a shekarunsa na ƙarshe shi ne maganar tolget, ƙofar nan da ake tsayawa a biya kuɗin hanya. Ya ga na dā kafin a rushe su, ya kuma ga dawowarsu a hanyar da yake bi. Da aka dawo da su, tasha ta ɗauki zafi. Direbobi suka ce mai ya yi tsada, taya ta yi tsada, ga kuma sabon abu. Ba a jima ba wasu suka gano wata hanyar ƙasa da ke ratsa ƙauyuka ta ɓulla bayan ƙofar da ke kafin Lafia, aka yi ta bi, har wanda bai bi ba ana yi masa kallon marar wayo. Baba ya ce shi kam a kan kwalta zai tsaya. Bai ɗora wa fasinja kuɗin ba, bai kuma yi wa kowa wa'azi ba, sai in an taɓo shi.

Mai taɓo shi kuwa ɗaya ne, amininsa Baba Garba, mutumin Zamfara, wanda suka fara tuƙi tare suna samari. Baba Garba ne sarkin masu zagaye. A wajen mai shayi yakan ce hanya ta kowa ce, babu dalilin da zai sa ya saye ta kowace safiya, kuma Isiyaku kuɗi ne suka yi masa yawa. Baba yakan kurɓi shayinsa ya ce, "Abin da ka hana mai ƙofa, bakanike ne zai karɓa, shi kuma ko sannu ba zai ce maka ba." Sai a yi dariya, Baba Garba ya rantse motarsa ba ta san bakanike ba, alhali duk Kawo an san rabin ranar hutunsa a ƙarƙashinta yake yi. Haka suka yi ta yi, babu wanda ya sauya wa wani ra'ayi.

Gaskiya ita ce ba kullum Baba ke cin wannan gardama ba. Akwai ranakun da layi ke tsawo a ƙofa, masu zagaye su riga shi isa, su tarbe shi da hon da shewa. Akwai kuma inda ya biya amma ya tarar da rami a kan kwaltar. Irin wannan rana har gida yake dawowa da mita, kuma ya riga ya sauke wa ma'aikatan ƙofar rabinta. Da na ce masa to mene ne amfanin, sai ya ce, "Na biya, don haka ina da bakin magana. Wanda ya bi ta daji, wa zai kai wa ƙara?" Ya yarda a gajeriyar tafiya mutum yana iya cewa an cuce shi. Amma a tafiyar yini guda, da tsofaffi a bayanka da kayan mutane a samanka, ya ce hanyar da za ka saki jiki a kanta ta cancanci abin da aka nema.

Sai daga baya na gane lissafin taya da bakanike ba shi ne ainihin dalilinsa ba. Wata rana motarsa ta lalace, ya shiga ta Baba Garba a matsayin fasinja, suka bi ta hanyar ƙauyukan. Ya ba mu labarin a kan tabarmar cin abinci. Ya ce mata sun shanya rogo a bakin hanya, motoci suna wucewa suna lulluɓe shi da jar ƙasa. Ya ga wata tsohuwa ta taso da gudu, hannu ɗaya tana jan jikanta daga gaban mota, ɗayan tana ƙoƙarin rufe shanyarta da zane. Ya ce, "Ba su suka ɗauko fasinjana ba, don me za su biya mini kuɗin hanya da abincinsu?" Bai sake taka wannan hanya ba, ko a motar wani. Wata 'yar kasuwa ta taɓa matsa masa ya bi sauran motoci don tana sauri. Ya tsaya a gefe, cikin ladabi ya ce zai sauke mata kayanta ya tsayar mata da wata motar. Ta zauna tana cika tana batsewa har Kaduna, amma da 'yarta ta fara fatauci, motarsa ta kawo ta.

Ranar rasuwar, ina fitowa daga wajen Inna na tarar da Baba Garba a ƙofar gida, injin motarsa a kunne. Ya sauke fasinjojin da ya riga ya loda, ya ba wani direba su. Bai yi mini gaisuwa ba, ya ce dai in shiga. Muka tsallake gadar kogin Kaduna, muka bi ta Kachia, muka gangara. Mutumin da ba ya iya shiru ko yana cin abinci, ranar har Akwanga ban ji muryarsa ba, sai tasbihi a ƙarƙashin numfashi. Ni kuwa rana nake kallo, ina ganin tana karkata, ina kiran mutanen Lafia suna ce mini an yi wanka, an sa likkafani, ana jira.

Da muka kusa tolget, abin da nake tsoro muka tarar. Ranar kasuwa ce, manyan motocin doya sun yi layi, ana tafiya kaɗan kaɗan. A daidai nan ne kuma hanyar ƙasar ta rabu ta hannun hagu, ina ganin ƙananan motoci suna karkata suna shiga. Babu wanda ya san hanyar nan kamar wanda ke zaune kusa da ni. Zuciyata ta ce in roƙe shi mu bi, bakina ya kasa, don na san wanda za mu je wa. Baba Garba ya rage gudu a bakin mararrabar, ya dubi hanyar, sannan ya miƙe sitiyari ya shiga layi a bayan wata tirela.

Ya ce, "Ɗana, ka yi mini haƙuri. Ba ni zuwa wajen Isiyaku ta bayan gari. Yau ta hanyatai za mu isko shi."

Na ce, "To, Baba."

Ba zan ɓoye ba, zaman layin nan ya fi mini duk sauran tafiyar wuya. Da muka iso tagar biya, Baba Garba ya miƙa kuɗi, ma'aikaciyar ta ce da katin banki ake biya, ya juyo yana dubana don bai taɓa yi ba. Na miƙa nawa. Yana karɓar katin daga hannunta zai mayar mini, ya ce mata wannan ɗan Malam Isiyaku ne, mai farar bas, Allah Ya yi masa rasuwa da safe. Matar ta dafe baki. Ta ce tsohon nan da ke yi musu faɗan rami, ya dawo ya ajiye musu lemu? Ta ce jiya ma ya wuce, ya tambaye ta jikin mahaifiyarta. Ta ɗaga sandar da ke tare ƙofar tana share ido da bayan hannu. Ba musulma ba ce, amma ta yi masa addu'a irin tata, muka amsa.

Muna kan kwalta muna gudu aka kira la'asar a wani masallaci na bakin hanya. Ba a daɗe ba waya ta yi ƙara. Shugaban direbobi ne, ya ce liman ya cika alkawarinsa, an jira, an yi salla, an sallaci gawa. Na rasa sallar mahaifina. Amma kafin in ajiye wayar ya ce in saurara. Ya ce an kawo motar da za ta kai shi maƙabarta, direbobi suka ce a mayar da ita. A kafaɗa za su kai shi, da ƙafa, kuma maƙabartar ba kusa take ba. Ya ce, "Ku taho, muna tafe, ba ma sauri."

A bakin maƙabarta muka same su. Mutanen da sana'arsu tuƙi ce, kowa da motarsa a tasha, sun jiƙe da gumi suna karɓa-karɓa da makarar, Hausawa da waɗanda ba Hausawa ba suna biye. Wani ya ce ga ɗansa nan, sai aka buɗe mini hanya. Na cire takalmi na sauka cikin kabarin, Baba Garba ya sauka ta wajen ƙafa. Aka miƙo mana shi. Ban taɓa ɗaukar mahaifina ba sai ranar, na kuma yi mamakin rashin nauyinsa. Na kwantar da shi a gefensa na dama, na juya fuskarsa alƙibla, na kwance ɗaurin likkafanin da hannuna. Da na fito na kira Inna, abin da kawai na iya ce mata shi ne na isa. Ta ce alhamdu lillahi, sai a lokacin na ji ta fashe da kuka.

Masu zuwa gaisuwa sun tambaye ni ko da mun bi ta ƙauye da mun samu sallar. Ban sani ba. Baba Garba ma ya ce bai sani ba, kuma ba ya son a sake yi masa tambayar. Abin da na sani, mun je wa mahaifina ta inda ba zai ji kunyarmu ba, kuma mutanen da ya yi shekaru yana zama da su lafiya sun ɗauke shi a kafaɗa don ɗansa ya riske shi. Ni ɗan direba ne, ban taɓa jin daɗin faɗin haka kamar yanzu ba.

Ya Allah, ga bawanKa Isiyaku ya zo gare Ka a garin da ba nasa ba. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Duk wanda ya taɓa ɓata wa rai a tasha ko a hanya, Ka sa ya yafe masa. Ka saka wa mutanen Lafia da alheri gwargwadon takun da suka yi da shi. Ka ba Baba Garba haƙurin rashin abokin gardamarsa. Ka dafa wa Inna, Ka haɗa kan ƙannena, Ka rufa mana asiri bayansa. Mu kuma da ya bari, in tamu ta zo, a gida ko a hanya, Ka sa mu cika da imani, Ka sa a sami hannun namu da zai kwantar da mu. Amin.