Ragowar Kular Yara

Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan ba ku ji ɗuriyata a shafin nan ba. Masu cewa fushi na yi da siyasa su kwantar da hankali. Kwanciya na yi. Har yanzu daga gida zuwa masallaci sai na tsaya na huta.

Abin ya faro ne da maiɗakina Hajara ta tafi Doguwa jinyar mahaifiyarta, ta bar ni a Bebeji da 'yan matanmu biyu 'yan firamare, Ummi da ƙanwarta Nana.

Ni malamin sakandare ne, na karanta littattafai a kan abinci mai gina jiki. Na ga dama ta samu da zan nuna wa gidan nan amfanin ilimi. Na soke kuɗin tara, na haramta awarar bakin makaranta, na rubuta jadawali na manna a ƙofar kicin. Litinin shinkafa da wake da salak. Talata doya da ƙwai. Alhamis taliya da kifin Tiga.

Ina idar da sallar asuba sai in ɗora tukunya. In juye abinci da tururinsa a kula, in yanka latas da tumatir da dafaffen ƙwai a kai, in zuba bama, in rufe gam. Bazara ce. Jakunkunansu kuma a jikin taga suke yini, ƙarƙashin kwanon aji.

Kullum kular a cike take dawowa. In na tambaya, Ummi ta sunkuyar da kai ta ce, “Mun ƙoshi, Abba.”

Na yi musu lacca a kan almubazzaranci. A gidan da na tashi ba a zubar da abinci, ko ƙwayar shinkafa ce ta faɗi sai an tsince. Saboda haka bayan la'asar sai in baje tabarma in cinye ragowar, har ina ɗaga loma don su ɗauki darasi. Ɗan tsamin da nake ji na ce na tumatir ne.

Alhamis ta biyu, bayan taliya da kifi, cikina ya fara murɗawa. Amai, gudawa, sai zazzaɓi. Na yi abin da kowa ke yi: kemis, maganin zazzaɓin cizon sauro, jiƙon da maƙwabta suka aiko. Kwana uku ina cewa gobe zan warware. A na huɗu na miƙe zan yi alwala, sai na ga ƙasa ta taso ta tarye ni. Maƙwabcina ne ya sa ni a mota.

A asibiti sai da suka huda ni sau huɗu kafin su sami jijiya. Ƙarin ruwa, leda bayan leda, har na daina ƙirgawa. Gwajin jini, gwajin fitsari, gwajin bayan gida. Mutum da furfurarsa, ga shi ana auna fitsarinsa a roba ana rubutawa. Masarar da na ajiye don damina, a can ta ƙare.

Likitar ta ce ruwan jikina ya ƙafe har ƙoda ta fara gazawa. “Malam, da ka ƙara kwana ɗaya a gida, da Kano za mu tura ka wankin ƙoda.”

Ta tambayi abin da na ci. Ina kwance, da kyar nake magana, amma na karanto mata jadawalin nan da ɗan alfahari.

“Ƙarfe nawa ka dafa?”

“Shida.”

“Ƙarfe nawa ka ci?”

“Bayan la'asar.”

Ta ajiye biro ta ce, “To yaran fa? Ina suke?”

Jama'a, maganar ƙoda ba ta girgiza ni kamar wannan tambayar ba. Ni mai ƙarfi ga yadda na koma, ina ga Nana 'yar shekara shida. Ban sami natsuwa ba sai da Hajara, wadda ta baro Doguwa a ranar, ta shigo da su ɗakin, ƙalau, har Nana tana lasar alawa.

Na ce, “Ummi, cikinku bai yi ciwo ba?”

“Ai ba ma ci, Abba. Kafin a fita tara ya fara wari. Ƙawayenmu ne ke sam mana gyaɗa da rogo.”

“Me ya hana ki faɗa min?”

“Ka sha wahala wajen dafawa. Kuma ka ce kai ka karanta.”

Mahaifina, wanda muke kira Baffa, yana gefen gado da sandarsa. Ya ce, “Mu da muka yi elementare a shekarun hamsin, zamanin Turawa, a ƙafa muke takowa daga ƙauye, ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa a aljihu. Busasshen abu ake ba ɗan makaranta. Kai da digirinka ka kulle ruɓa a kwano ka ba jikokina. Allah ya sa sun fi ka hanci.”

Hajara kallona kawai ta yi. Da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Kwana goma sha ɗaya na yi aka sallame ni. Ƙodar ta dawo aiki, alhamdu lillahi, sai dai gajiya. Wandunana duk sun yi min yawa.

Ina godiya ga likitar nan da nas-nas ɗin da suka jure ni, da maƙwabcina, da Hajara da ta yi jinya biyu a wata guda, da ku da kuka yi ta kira ban ɗauka ba. Allah ya saka da alheri.

Shawarata kaɗan ce, don ƙarfina ma kaɗan ne. Kada a haɗa abinci mai zafi da ɗanyen ganye a rufe su wuri ɗaya. Kifi da ƙwai da bama ba sa jure yinin bazara a jaka. Ga dafaffen dankali, ga dabino, ga gyaɗa, ga lemo da ayaba da ɓawonsu. A wanke kula a shanya ta a rana. Abin da ya yi tsami a zubar, ba laifi ba ne. Gudawa ta wuce yini guda, a tafi asibiti.

In kuwa kula ta dawo a cike kwana biyu a jere, kada ka yi wa'azi. Buɗe ta ka sansana, sannan ka zaunar da yaron ka tambaye shi sau biyu. Amsar farko kunya ce.