Bidiyon Kawu da iyakar gonar Inna

Shekarun baya, lokacin da na fara koyon rubuta manhajar kwamfuta a Gusau, babu wanda ya kai ni ji da kai. Wata uku da farawa, amma in ka ji ina bayani sai ka ce ni na ƙera intanet.

Mahaifiyata tana da gonar gado a Rawayya, kuma mutum ɗaya ne ya san iyakarta ƙafa da ƙafa, wato yayanta, kawuna. Ya tsufa sosai a lokacin. Wata rana na lallaɓa shi muka zagaya gonar, yana tafe da sandarsa yana nuna layin gamba da itatuwan da suka raba mu da maƙwabta, ni kuma ina biye ina ɗaukar sa bidiyo da waya. Kusan minti arba'in muka yi.

Da na dawo gida sai na juye bidiyon a kwamfutata, cikin ma'ajiyar da muke aiki da ita ni da abokina da ke Tsafe. Tsarin Git ne: kana da kwafin aikinka a kwamfutarka, akwai wani kwafin a intanet, kana tura naka can, abokin aikinka yana jawowa. Na tura. Na buɗe shafin na ga sunan fayil ɗin zaune daram. Sai na goge na cikin waya, daga baya da wuri ya yi mini ƙaranci na goge na kan kwamfutar ma. Har na ce wa Inna, "Ko kwamfutar nan ta faɗa gulbi, gonarki na nan ajiye a sama." Ta dube ni ta ce, "To, Allah ya sa."

Kawu ya rasu bayan haka. Damina biyu ba a noma wajen ba saboda halin rashin tsaro da ake ciki, wuta kuma ta cinye gambar. Da mutane suka fara komawa gona, ɗan maƙwabcinmu ya ce iyaka tana nan, Inna ta ce tana can. Ba mugu ba ne, shi ma uban da ya san iyakar ya rasu. Mai gari ya sa ranar Asabar a zo a duba. Na bugi ƙirji na ce ina da shaida.

Ranar Talata na kira abokina, don intanet ɗin wajen aikinsa ya fi namu ƙarfi, na ce ya jawo mini bidiyon. Ba a jima ba ya kira ni.

"Malam, mi ka aje nan? Wanga abu layi ukku ne na rubutu."

Na ce ya daina wasa. Ya turo mini hoto. Wallahi layi uku ne: na farko wani adireshi, na biyu wata doguwar lamba mai haɗe da haruffa, na uku girman fayil ɗin. Ya yi mini bayani a hankali, kamar mai yi wa mara lafiya magana. Manyan fayiloli ba sa tafiya tare da sauran aiki. Ana tura ɗan rubutun nan a madadinsu, su kuma ainihin kayan suna bin tasu hanyar dabam, ni kuwa ban taɓa saita wannan hanyar daidai ba. Wato na je tasha na ba direba takardar kaya, na juyo gida da buhun.

Ba gonar kaɗai ta tsaya mini a rai ba, har da bakin da na cika a gaban Inna.

Abokina ya ce kada in sake taɓa komai. Ya ce akwai wata ɓoyayyiyar jaka a cikin ma'ajiyar da ke kwamfutata, inda tsarin kan ajiye nasa kwafin, ba da sunan da na sa masa ba, da waccan doguwar lambar. Na buɗe, na riƙa bin lambar harafi-harafi da yatsa a kan gilashin kwamfutar. Na same shi, girmansa daidai da na layi na uku. Na juye a filas guda biyu kafin ma in yi numfashi mai kyau.

Da wani ne da nan ya tsaya, tunda shaida ta samu. Ni kuwa na rantse sai abin da na faɗa wa Inna ya zama gaskiya. Na gyara saitin, na fara turawa. Ya hau ya hau, ya wuce rabi, sabis ya yanke. Na sake. Wuta ta ɗauke, batirin kwamfutar kuwa da ma ba ya riƙe caji. Na uku na hau saman benen maƙwabta da waya a hannu ina neman sabis, matan gidan suna tambayar ko wata nake nema da rana tsaka. Nan ma bai tafi ba.

Ranar Alhamis da safe na hau kabu-kabu zuwa tasha, na shiga motar Tsafe da kwamfuta a cinya. A wajen aikin abokina muka jona ta, na zauna ina gadin layin da ke nuna inda turawar ta kai, yana tafiya kamar ba ya so. Aka kawo tuwo ban ci ba. Bayan la'asar ya cika. Abokina ya ce, "To, sai ka tashi." Na ce ban tashi ba. Sai da na sa shi ya jawo fayil ɗin daga intanet zuwa tasa kwamfutar, wadda ba ta taɓa ganin sa ba, ya kunna, na ga sandar Kawu ta bayyana, sannan na nemi tuwon nan.

Ranar Asabar muka kunna shi a bakin gona, mai gari da dattawa sun kewaye kwamfutar. Kawu ya bi iyaka tiryan-tiryan, kuma kusan ko'ina maganar Inna ce ta tabbata. Sai da ya iso wata kanya da Inna ta girma tana tsintar 'ya'yanta, ya dafa ta ya ce, "Wagga ba tamu ba ce. Sha kawai suka bar muna."

Na ji kamar in rufe kwamfutar. Tsafe na je na dawo don in kawo shaidar da za ta raba mahaifiyata da itacen da ta fi so. Na saci kallon ta. Ba kanyar take kallo ba. Ta matso kusa, ta ce, "Maido shi baya in ƙara ji." Tun rasuwarsa ba ta ji muryarsa ba.

Ɗan maƙwabcin ya ce kanyar a ci gaba da sha kamar da. Aka sake dasa gamba a ranar.

Tun daga lokacin ba na cewa na ajiye abu sai na je wani wuri na ɗauko shi na buɗe da idona. Abokan aiki suna yi mini dariya a kan haka, ni kuma ba na jin haushi. Har yanzu Inna takan aiko a kira ni, ba don gona ba. Ta ce in zo da kwamfutar, tana son su gaisa da yayanta.