Hular Kwanon Baba Tulu

Tun yana firamare ake kiransa Tulu, saboda kai Allah ya ba shi har da gyara. In an tsokane shi sai ya shafa ƙeya ya ce ilimi ne ya nemi fili. Shekara ashirin da shida yana kai wa ƙananan kemis magunguna a kan babur, bai taɓa samun hular kwanon da ta shige shi ba. Ɗora ta kawai yake yi kamar murfin tukunya, maɗaurin yana reto a gefen kunne, don dai 'yan sanda su ƙyale shi.

Ranar da akuya ta gitta masa, hular ta riga shi isa kwata. Ɗinki bakwai aka yi masa a goshi, kuma babbar 'yarsa ce ta yi, don nas ce a sashen 'yan haɗari. Ba ta yi masa faɗa ba. Makullin babur kawai ta zare daga aljihunsa, ta ce zai dawo ranar da aka samu hular da ta rufe kan nan gaba ɗaya. Sati biyar Baba Tulu yana gida yana goge babur safe da yamma, masu kemis kuma har sun fara kiran wani.

Da aka buɗe baje kolin babura, ita ta sa shi gaba suka hau bas. Ai suna shiga zauren ya manta abin da ya kawo su. Ga wani ja mai salansa biyu, ga wani da tayarsa ta kai cinyar bijimi kauri, ga wani a kan dandamali yana juyi shi kaɗai. Baba Tulu, dattijo da furfurarsa, ya haye wani baƙi, yana murɗa totur yana yin ƙarar injin da baki, har sai da mai gadi ya dara. Ya gwada safar hannu, ya shinshina rigar fata, ya sa ta ɗauke shi hoto sau tara. Da ƙyar ta janye shi zuwa layin huluna.

A nan murnar ta ragu. Rumfa huɗu suka shiga, duk hular da aka kawo sai ta tsaya a saman kunne, masu rumfa suna danne dariya. Ya ce su tafi kawai, shi ya san kansa.

A rumfa ta biyar wata dattijuwa ce mai tef a wuya. Ba ta yi dariya ba. Ta zaunar da shi, ta zagaya goshinsa da tef, ta ce ta ga wanda ya fi wannan. Wallahi daɗin da ya ji bai misaltuwa, don tunda yake ba a taɓa auna kan nan ba, sai dai a kalla. Ta jawo kwali daga ƙarƙashin tebur, ta ciro wata fara, ta cire soson cikinta ta sa marar kauri, ta ce ya buɗe gefen da hannu biyu ya tura.

Hular ta ɗan yi gardama, sannan ta sauka har haɓa. Hayaniyar zauren ta yi nisa. Ya girgiza kai hagu da dama, ba ta motsa ba.

"Ta shiga!" ya ce, muryarsa tana fitowa kamar daga rijiya. "Uwata, kin gani? Ta shiga."

'Yar ta sunkuya ta kama maɗaurin. Ta ɗaure masa shi a ƙarƙashin haɓa.

"Na sha yanke irin wannan da almakashi, Baba," ta ce. "Yau na fara ɗaura shi."

Ta saka masa makullin a tafin hannu. Da hular a kansa ya hau bas har gida, ya ƙi ɗaga gilashin, don kada ta ga idanunsa.