Yadda Na Tayar Da Kukan Mataccen Karena

A lokacin da abin nan ya faru ni gwauro ne, direba a wani kamfani a Abuja, ina zaune a gidan haya a Iku, nan Suleja. Ba ni da yawan magana, amma idan aka taɓa ni ba na mantuwa. Da maigidana zai koma ƙasar waje, matarsa ta ba ni amanar ɗan karenta. Ruwa biyu ne, uwarsa irin karnukan ƙasashen sanyi ce da ake kira haski, ubansa kuma ƙaramin kare, shi ya sa bai wuce ɗan akuya girma ba. Ga gashi tuli, ido ɗaya shuɗi, ɗaya ruwan ƙasa. Na sa masa suna Ƙanƙara.

Duk wanda ya san zafin Suleja kafin damina ta faɗi zai gane wahalar da na ɗauko wa kaina. Fanka mai caji ɗaya gare ni, shi nake kunna wa, ni in kwana cikin gumi. Ina shimfiɗa masa jiƙaƙƙen tawul, ina taje shi kullum, gashi na tashi kamar audugar rimi. Na san hukuncin yawun kare, don haka kwanonsa daban, igiyarsa a wuya, bai taɓa kusantar butar kowa ba. Idan na tafi aiki, matar maƙwabcina, wanda ɗakinsa ke manne da nawa, ita ke zuba masa ruwa daga nesa, ta tara masa ƙashi. Mijinta kuwa, mai shagon kayan masarufi, tun ranar farko ya tsane shi.

Laifin Ƙanƙara ɗaya ne, ba ya haushi sai kuka. Da ladan ya fara kiran magariba a lasifika, sai ya ɗaga baki sama ya ja kuka mai tsawo. Likitan dabbobi ya ce jininsu ne haka, duk doguwar murya sai sun amsa. Na yi wa maƙwabcina bayani, ya ce in riƙe bokona, shi dai ya san kare mai kuka mutuwa yake kira, kuma waɗannan idanu ba na dabba ba ne. A lokacin mahaifiyarsa na kwance a ɗakinsa ba lafiya. Allah ya karɓi ran tsohuwa, na bi jana'iza, na zauna zaman makoki kamar kowa. Ranar sadakar uku na dawo daga aiki na tarar da Ƙanƙara yana shure-shure, kumfa a baki, ga guntun waina a gabansa an barbaɗe shi da maganin ɓera. A cinyata ya mutu, cikin keke Napep, kafin mu isa wurin likita. Da na dawo da gawarsa, mutumin nan yana zaune a kan tabarma ya ce wa na kusa da shi, yadda zan ji, Allah ya raba gidan da masifa.

Ban yi faɗa ba, ban kai ƙara ba. Wa zai saurari ƙarar kare? Na binne shi a bayan gida, na ci gaba da gaida mutumin safe da yamma, zuciyata na tafarfasa. Na rantse tunda tsoron kuka ya sa ya kashe mini dabba, da kukan zan kashe masa kwanciyar hankali. Wayata cike take da bidiyon Ƙanƙara yana kukansa. Na sayi ƴar ƙaramar sifika mara waya, na hau ta silin ɗakina, tunda bangon da ya raba mu bai kai rufi ba, na tura ta daidai saman gadonsa. Da an fara kiran magariba sai in fito da buta in tsuguna a ƙofa, in danna waya a aljihu, kukan ya tashi ƙasa-ƙasa yadda a ɗakinsa kaɗai za a ji. Ba kullum nake yi ba, sai na bari ya fara sakin jiki.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Na ga ƙato ya fito a guje ba takalmi yana tambayar ƴan haya ko sun ji, kowa ya ce bai ji komai ba. Ya tambaye ni, na ce wane kuka kuma, ai kare ya mutu. Ya rame, ya daina barci, ɗakinsa kullum hayaƙi da rubutun sha. Duk sa'ad da na ga ƙashin wuyansa ya ƙara fitowa, sai in ce a raina saura dai. An ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, ni kuwa so nake ta ƙona shi ƙurmus. Ban taɓa tsayawa na tuna cewa ba shi kaɗai ke kwana a ɗakin ba.

Wata magariba na danna ban duba ko ya dawo daga shago ba. Matarsa ce ita kaɗai a ciki, da tsohon ciki. Ta fito a firgice, ta yi tuntuɓe da dokin ƙofa, ta faɗi rubda ciki a kan siminti, a gaban idona. Ni na ɗauke ta a motar kamfani zuwa asibiti. Ita ta rayu, ɗan bai zo da rai ba. A barandar asibitin mijin ya kama hannuna yana kuka, ya ce shi ya sa wa karena guba, haƙƙin dabbar ne ya ci masa ɗa, in yafe masa don Allah. Wayar na aljihuna a lokacin. Na ce na yafe, na ɓoye masa nawa laifin. Da suka tashi komawa garinsu Lambata, matar ta tsaya a ƙofata ta yi mini godiyar taimakon da na yi mata, ta ce ita kam ta yi kewar Ƙanƙara.

Har yau idan na tuna kumfar bakin karen nan raina na ɓaci da mutumin, kuma ban san ko yafewar da na furta ta kai zuciya ba. Amma matar da ta shayar da karena ruwa, me ta yi mini? Ina jan kunnen mai son kiwon irin wannan kare a gidan haya, ya fara samun yardar maƙwabtansa, kuma wanda camfi ke tura shi cutar da dabba ya ji tsoron Allah. Kai kuma mai shirin ramuwa, ka duba waye a cikin ɗakin kafin ka danna. Na cire sifikar, na goge bidiyon duka, amma duk sa'ad da ladan ya ɗaga murya da magariba, ni ne yanzu nake jin kukan.